Na Ji Abin da Ka Ce, Amaury

Shafi na 17

Masu yi mini ruwan ƙorafi don na bar ku a ƙofar ofishin Farfesa, na ji ku. Wata har ta ce in ban ci gaba yau ba za ta biyo ni Brest da takalmi a hannu. Ajiye takalminki 'yar uwa, ga shi nan. Sababbin shigowa kuma, ni ce Solenn Kerivel, ɗalibar kimiyyar teku, shekarar ƙarshe. Ku samu wuri ku zauna.

*

Mu huɗu ne a ofishin. Farfesa Quéméner, ni, saurayina Amaury, sai baƙuwar da ta taso daga birnin Bergen can arewa, Dakta Ingunn Tveit. Doguwar mace mai furfura, da rigar sanyi irin ta masunta. Ba ta jin Faransanci ko na gaisuwa.

Jirginsu na bincike zai nufi arewa idan zafi ya shigo, kuma gurbi ɗaya suka ba jami'armu. A jirgin nan Turanci ake yi, daga kyaftin har mai dafa abinci.

Farfesa yana karanta Turanci kamar ruwa, amma ji ne matsalarsa. Nutson shekaru ya cinye masa kunnen hagu, na daman ma sai da na'ura. Ya tura wa baƙuwa kofi ya ce,

"Amaury, kai da ka tashi a Ingila, yau kai ne bakinmu."

"An gama, Farfesa."

Amaury ya juyo ya kashe mini ido.

"Kar ki damu, 'yar kifina. Ke dai faɗi naki, ni zan kai."

Na yi murmushi na sunkuyar da kai, don dariya ce ke cina.

Bai sani ba. Ba wanda ya sani.

Tun sanyin bara nake koyon Turanci a ɓoye. Da rediyon jirgin Baba na fara, wanda ke kamo rahoton yanayi daga tsallaken teku. Na koma finafinan yara. Na riƙa maimaita kalmomi a jirgin ƙasa na cikin gari har wata tsohuwa ta canza kujera saboda ni. Harafin nan nasu da ake sa harshe tsakanin haƙora kuwa, sai da na wanke madubin banɗakina da yawu kafin ya zauna. Daga baya na samu Gwenda, wata tsohuwa 'yar Wales da ɗanta ya auri Bafaranshiya. Duk Lahadi muna kiran juna ta bidiyo, in koya mata nawa ta koya mini nata.

Duk don wa? Don shi. Na gaji da tsayawa gefensa kamar turmi duk lokacin da aka juya harshe. Shirina shi ne idan an tashi daga nan mu je cin fanke, in buɗe baki in yi masa Turanci, in ga yadda idonsa zai yi.

Dakta Tveit ta buɗe taswirar dajin ciyawar teku na Molène a kan tebur. Ta dube ni, ta yi magana.

"Wannan aiki ya burge ni. Wa ya yi nutson?"

Jama'a, na ji! Kowace kalma ta shigo kunnena ta zauna daram. Ba rediyo ba, ba Gwenda da ke ja mini magana a hankali ba. Mutum ce a gabana, kuma na ji. Saura kaɗan in yi tsalle.

Amaury ya juyo gare ni da Faransanci.

"Wai tana tambaya ko kin taimaka a aikin Molène."

Ba haka ta ce ba. Amma na ce a raina ƙila gajarta zancen ya yi.

"Ka gaya mata ni na yi nutson gaba ɗaya. Shekara biyu ina sauka wurin."

Ya gyaɗa kai, ya juya ga baƙuwa da murmushinsa mai kyau ɗin nan.

"Ta ce takan riƙe mana igiya a kwalekwale in zan sauka. Yarinyar kirki ce sosai."



Kun san abin da ya fara zuwa raina? Ba fushi ba. Cewa na yi, Solenn, ke ce ba ki ji daidai ba. Wa ya koya miki? Rediyo da tsohuwa? Shi da ya sha yaren a nono ne zai yi kuskure, ko ke?

Na kasa kunne.

"Za ta iya wata biyu a teku ba sauka?" in ji Dakta.

"Tana tambaya ko kina son teku," in ji Amaury.

Na daure na ce,

"Haba Amaury, ka sani ai. A jirgin Baba na koyi tafiya. Ka ce mata ko wata shida ne zan iya."

Ya yi fuskar tausayi. Har da ɗan girgiza kai.

"Ta ce jirgi na sa ta amai. Kuma mahaifinta ba shi da lafiya, ba za ta iya nisa da shi ba."

Amai.

Wannan kalma ko a mafarki na san ta. Ba ranar da Gwenda ba ta faɗe ta game da karenta.

Kuma wai Baba ba lafiya. Baban da ya fita teku tun asuba yana waƙa da muryarsa mai kama da ta injin jirginsa.

Na kalli Farfesa. Yana ta gyaɗa kai yana murmushi, kunnen da ya mutu ne yake wajen Amaury.

Dakta Tveit ta ɗan ɓata fuska.

"Kash. To me ya kawo ta nan?"

Amaury ya yi 'yar dariya. Ya miƙo hannu ta ƙarƙashin tebur ya dafa gwiwata, kamar mai lallashi.

"Rakiya ta yi mini. Kin san 'yan ƙauyen bakin teku, littafi ba nasu ba ne. Amma fa ta iya fanke, sai kin ci."

Ya juyo gare ni.

"Tana yaba ki, 'yar kifina."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Kujerar ta yi baya ta bugi kabad.

Wata da watanni ina shirya jimlar da zan fara yi masa. Mai daɗi, ta masoya, har na haddace ta. Ko kalma ɗaya daga ciki ba ta zo ba. Abin da ya fito shi ne abin da Gwenda ke daka wa karenta duk lokacin da ya hau kujera, da muryarta, da karin harshenta na Wales.

"Sauka daga nan, ja'iri, ka zauna ka rufe mini baki!"



Cokalin Farfesa ya tsaya a cikin kofi.

Amaury ya buɗe baki, ya rufe, ya sake buɗewa, kamar kifin da aka jefo kan tudu.

"Solenn... ke... yaushe?"

Ko kallonsa ban yi ba. Na fuskanci baƙuwa. Bakin ya riga ya buɗe, ba mai rufe shi.

"Madam, ki gafarce ni. Turancina ƙarami ne. Ni na koya wa kaina. Amma kunnena lafiya lau."

Ta ajiye alƙalaminta a hankali.

"Ina jin ki."

"Ni na yi nutson. Duka. Ba na amai a jirgi. Mahaifina lafiyarsa ƙalau, ya fi kowa a ɗakin nan ƙarfi. Fanke kam gaskiya ne. Na iya."

Sai matar nan ta kwashe da dariya. Irin dariyar da ke fitowa daga ciki, har tana dukan tebur.

"Wa ya koya miki wancan na farkon? Rabon da in ji shi tun a bakin kakar wata ƙawata!"

"Wata kaka ce ta koya mini."

"Ai na ji alama!"

Farfesa ya murɗa na'urar kunnensa har ta yi ƙara.

"Me ke faruwa? Solenn, Turanci nake ji a bakinki ko kunnen ne ya ƙarasa lalacewa?"

Na juya Faransanci na zayyana masa komai. Abin da ta tambaya, abin da na ce, abin da aka kai. Ban ƙara gishiri ba, ba ya buƙata.

Amaury ya ɗaga hannuwa.

"Farfesa, rashin fahimta ce kawai. Ba ta ji daidai ba. Mutumin da ya koya wa kansa yare..."

Farfesa ya cire tabarau.

"Ka ce kai ka sauka Molène?"

"Na ce mun..."

"Amaury, takardar likitanka ta hana ka wuce zurfin wurin wanka na yara. Ni na sa hannu a kai."

Amaury ya ga nan ba hanya, sai ya koma Turanci, ya fuskanci baƙuwa. Muryarsa ta yi laushi irin ta masu karanta labarai.

"Dakta, mu faɗi gaskiya. Kin ji yadda take magana. Jimla uku ta yi, kuskure huɗu. A teku, in aka ba da umarni cikin gaggawa, wannan ba abin wasa ba ne."

Nan ya same ni. Don gaskiya ya faɗa, kuma ya san wurin da ke mini ciwo.

Dakta Tveit ta daina dariya.

"Yana da hujja," ta ce. "Zauna."

Na zauna.

Ta fara jefo tambayoyi, ba sassauci. Zurfin wurin. Sanyin ruwan. Me ya sa ciyawar gefen kudu ke mutuwa ta arewa na nan. Ina amsawa ina tuntuɓe. In kalma ta ɓace mini in zagaya ta bayan gida in zo mata. Da na rasa sunan dabbar nan mai ƙaya da ke cin ciyawar, sai na ce bushiyar teku, na dunƙule hannu na nuna.

"Haka muke ce mata mu ma a yarenmu," ta ce. "Ci gaba."

Na ci gaba. Can sai na lura na daina fassarawa a kaina. Maganar na zuwa ne kawai, a karkace, amma tana zuwa.

Kwatsam ta ɗaga murya ta watso wata doguwar jimla da gudu, kamar ana kiran mutane a kan jirgi cikin hadari. Na kama farkonta, na kama ƙarshenta. Tsakiyar ta wuce ni fit.

Amaury ya jingina da kujera ya harɗe hannu. Na ga gefen bakinsa ya motsa.

Zan iya gyaɗa kai in ce to. Na yi hakan sau ba adadi a rayuwata.

"Ban ji tsakiyar ba, Madam. Sake faɗa."

Ta tsura mini ido.

"Ba ki ji ba?"

"Ban ji ba. Wace igiya, ta hagu ko ta dama?"

Ta rufe taswirar ta naɗe ta.

"Bara wani ɗalibi ya ce mini ya ji, alhali bai ji ba. Na'urar da muka yi shekara muna haɗawa tana ƙasan teku yanzu." Ta miƙo mini hannu. "A jirgina akwai 'yan ƙasa bakwai, kowa da irin nasa karyayyen Turancin. Naki zai samu abokai. Ki zo da takalmin roba mai kyau."

Na kama hannun.

Farfesa ya kalle ni, ya kalle ta.

"Ta ɗauke ki?"

Na gyaɗa kai.

Dattijon nan da bai taɓa ce wa ɗalibi ko sannu da aiki ba, ya zagayo tebur ya sumbaci kumatuna, ya ture kofinsa ya zube a kan takardu, bai ko waiwaya ba.

"Kai kuma," ya ce da Amaury, "gobe da safe ina son ganinka. Kai kaɗai. Da Faransanci za mu yi, don kar a samu rashin fahimta."

*

A kan matakala Amaury ya cim mini.

"Solenn! Tsaya mana!"

Ban tsaya ba. Ya sha gabana.

"Kin tozarta ni a gaban mutane."

"Ni?"

"Wata nawa kina yi mini ƙarya? Kina zaune kusa da ni kina ji, kina yi kamar ba kya ji?"

"Au, ni ce ma maƙaryaciyar?"

"Da kin gaya mini ai da ban..."

"Da ba ka me? Ƙarasa."

Ya kawar da kai.

"Ƙarasa mana, malam tafinta. Ko kalmar ce ta ɓace maka? In taimake ka?"

Ya sassauta murya, ya kamo hannun rigata.

"'Yar kifina, don ke na yi. Wata biyu a cikin ƙanƙara, cikin baƙi, ba mai jin yarenki. Wa zai kula da ke? Na san ki, ba za ki iya ba."

"Ka san wadda ka bari a bara."

"Ni fa ina son ki."

"Ka san don me na koya? Don in ba ka mamaki yau. Na ce zai yi murna, zai ɗaga ni sama. Har wurin zama na kama mana a gidan fanke."

Ya saki rigar.

"To ga mamakin, ka samu. Wurin zaman kuma ni kaɗai zan je, in ci nawa in ci naka."

Na raba ta gefensa na sauka.

A waje ruwa ake yi, irin na Brest da ba ya sauka daga sama sai daga gefe. Na fake a bakin ƙofa na kira Baba. Ƙarar inji ta riga muryarsa zuwa.

"Ke, ina aiki! Lafiya?"

"Baba, sannu da jiki."

"Jikin wa?"

"Naka. An ce kana kwance rai a hannun Allah."

"Wane ɗan banzan ne ya ce?"

"Bar shi, na gama da shi. Baba, sun ɗauke ni. Zan tafi arewa."

Injin ya mutu. Na ji tsuntsayen teku, na ji numfashinsa.

"Da Turancin?"



"Wa ya gaya maka ina koyo?"

"Yo ke, rediyona kullum in kunna sai in ji wani Bature yana lissafa iska. Kin ɗauka aljanu na ce suna murɗa mini?" Ya ja hanci da ƙarfi. "Gishiri ne ya shiga mini ido. Ki zo gida ranar Asabar, zan gaya wa duk mutanen garinmu Lanildut."

Na kashe wayar ina dariya ina share fuska.

Sai na ga motar.

Ƙaramar mota ruwan toka, a bakin titi, goge-gilashi na kaiwa da komowa. Mahaifiyar Amaury ce a ciki, ta zo ɗaukarsa. Madam de Trévenec. Baturiyar Ingila ce, bayan rasuwar mijinta ta dawo nan kusa da ɗanta, Faransancinta bai wuce na sayen burodi ba. Shekara biyu ba abin da ke haɗa ni da ita sai ɗaga kai. Matar da ta ce kar 'yar mai yankan ciyawar teku irina ta ƙara taka mata gida.

Da jiya ne da na canza hanya. Yau kuwa jinina na tafasa. Na taka har bakin motar na ƙwanƙwasa. Ta sauke gilashi kaɗan, fuska a ɗaure.

"Barka da yamma, Madam," na ce da Turanci. "Na zo in yi miki sallama ne. Ba za ki ƙara ganina a gidanki ba, hankalinki ya kwanta."

Ta dafe ƙirji.

"Kina jin Turanci?"

"Yanzu ina ji."

Ta sauke gilashin har ƙasa, ruwa na dukan fuskarta ba ta damu ba. Idonta ya kawo ƙwalla.

"To tunda kina ji, gaya mini da bakinki. Me na yi miki, yarinya?"

"Ni?"

"Ranar Kirsimeti na yini a kicin saboda ke. Kika ce abincin Ingila ko kare ba zai ci ba."

"Ni na ce? Cewa na yi ban taɓa cin mai daɗinsa ba! Ke ce kika ce kar in ƙara zuwa, wai ina warin ciyawar teku!"

"Ni? Cewa na yi ki riƙa zuwa duk Lahadi, gidan ya yi mini girma!"

Muka tsaya muna kallon juna.

A tsakaninmu ranar nan, a kan tebur, mutum ɗaya ne ya zauna yana yi mana tafinta.

Ta miƙa hannu ta buɗe ƙofar gefenta.

"Shigo. Kin jiƙe."

Na shiga. Ina rufewa sai ga Amaury ya fito daga ginin, jaka a ka. Ya hango motar ya taho da gudu. Ya hango ni a ciki, gudun ya ragu.

Ƙwas. Ta kulle ƙofofin.

Ya iso ya hau ƙwanƙwasa gilashi.

"Mama! Mama, buɗe! Kar ki saurare ta!"

"Bar shi ya sha ruwa," ta ce, ko kallonsa ba ta yi ba. "Fara daga farko, ki yi a hankali, zan gane. In kin gama kuma ki gaya mini dalilin da ya sa kika dawo da zoben."

"Wane zobe?"

"Zoben mahaifiyata. Wanda na ba shi ya kawo miki."

"Madam, ni ban taɓa ganin wani zobe ba."

A hankali ta juya ta kalli ɗanta ta cikin gilashi.

Amaury ya daina ƙwanƙwasawa.